Kuɗin gurɓata ruwa: hukuma na iya yanka maka su ba tare da ta ji ta bakinka ba?

Ko a tsakiyar rani, bayan an yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai ba ya ƙafewa. Ruwan wanka da na wanki da na magudanan unguwanni ne ke gudu cikinsa har ya faɗa kogin Isa, wato kogin Neja. Can ƙasa kuma, wajen Gamkalle da unguwar masana'antu, wasu magudanan na ƙara nasu. Kusan kowa ya yarda cewa wanda ya ɓata ruwa ya kamata ya ɗauki wani abu daga nauyin gyaransa, doka ma haka ta ce. Ruɗanin yana farawa ne a mataki na gaba. Wa zai ce nawa ne? Da wace hujja? Mai majema, ko mai otal, ko mai wurin wankin mota, yana da ta cewa kafin a rubuta adadi a buga hatimi?

## Abubuwa uku da ake cuɗanyawa

Idan takarda ta zo daga hukuma da maganar ruwan datti, mutane kan ce "an ci ni tara". Sau da yawa ba tarar ba ce, kuma sanin bambancin yana da amfani, domin kowanne da hanyar da ake ƙalubalantarsa.

Tara hukunci ce kan laifi: ka zuba abin da aka hana, ko ka wuce iyakar da aka gindaya. Diyya kuɗi ne da ake biyan wanda aka cuta, kamar mai garkar da ruwanka ya ƙone masa salati. Kuɗin gurɓata ruwa kuwa wani nau'in haraji ne da ake lissafawa gwargwadon ƙazantar da wuri ke saki, ko da mai wurin yana da izini kuma bai karya doka ba. Manufarsa biyu ce: a tara abin da za a yi aikin tsabtace ruwa da shi, a kuma sa mai sana'a ya ga cewa rage datti ya fi masa arha.

Haƙƙin sauraro shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Wasu na ɗauka sai a gaban alƙali yake aiki. A dokar gudanar da mulki ya fi haka faɗi: kafin hukuma ta yanke shawarar da za ta taɓa dukiyarka ko sana'arka, ta sanar da kai abin da take shirin yi da dalilinta, ta ba ka damar amsawa, ta kuma duba amsar da gaske.

## Inda ƙa'idojin biyu suka samo asali

Ƙa'idar "wanda ya gurɓata shi zai biya" ta shiga harshen gwamnatoci a 1972, lokacin da ƙungiyar OCDE ta ƙasashe masu arzikin masana'antu ta amince da ita. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio a 1992 ya sa ta a matsayin ƙa'ida ta 16. Faransa ta riga su a aikace, domin dokarta ta 16 ga Disamba 1964 ce ta kafa hukumomin kwarin koguna guda shida masu karɓar irin waɗannan kuɗi. A maƙwabta, Burkina Faso ta yi doka a 2009 kan gudummawar kuɗi ta fannin ruwa, wadda ta haɗa kuɗin ɗibar ruwa da na gurɓata shi.

A Nijar akwai dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, sai Kundin Ruwa, wato doka mai lamba 2010-09 ta 1 ga Afrilu 2010, wanda ya tanadi cewa mai ɗibar ruwa zai biya, mai gurɓata shi ma zai biya. Hukumar kwarin kogin Isa ta ƙasashe tara, ABN, mai cibiya a nan Yamai, ta amince da yarjejeniyar ruwa a 2008. Irin waɗannan manyan dokoki ƙa'ida suke kafawa. Farashi, da wanda zai auna, da yadda za a karɓa, suna zuwa ne cikin dokokin zartarwa, kuma a cikin waɗannan ƙananan takardu ne haƙƙin sauraro yake samun gurbi ko ya rasa.

Sauraron kansa ya girmi duk waɗannan. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali Yaman don yin alƙalanci, ya umarce shi da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta ce a sashe na 7 kowa na da haƙƙin a saurari ƙararsa. A tsarin dokar mulki irin na Faransa, wanda namu ya gada, shari'ar da ake yawan ambata ta wata gwauruwa ce mai suna Trompier-Gravier, mai rumfar sayar da jaridu a birnin Paris. An janye mata izini bisa wani zargi ba tare da an tambaye ta komai ba. A ranar 5 ga Mayu 1944 babbar kotun mulki ta soke matakin. Kotun ba ta ce matar ba ta yi laifi ba. Abin da ta ce shi ne ba a ba ta damar kare kanta ba, kuma wannan kaɗai ya isa.

## Yadda ake kaiwa ga adadi

Nan ne gindin maganar. Da a ce kuɗin gurɓata ruwa kamar kuɗin tambarin takarda yake, adadi ɗaya ga kowa, da babu abin da za a saurara. Amma shi lissafi ne mai hawa-hawa, kuma a kowane hawa ana iya yin kuskure.

Hanyoyin lissafin uku ne a yawancin ƙasashe. Ko dai mai wurin ya bayyana da kansa abin da yake saki, ko hukuma ta zo ta auna, ko a yi ƙiyasi daga girman aiki: fatu nawa ake jema, dabbobi nawa ake yankawa, ɗakuna nawa ne a otal. Idan aunawa za a yi, ana neman yawan ruwan da ke fita da nauyin dattin da ke cikin kowace lita. Dattin ma kashi-kashi ne. Akwai gari-garin da ke yawo cikin ruwa, akwai ƙarafa masu guba irin sinadarin kurom da majemun zamani ke amfani da shi, akwai kuma abubuwa masu ruɓewa kamar jini da kitse da tumbi, waɗanda ke cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Wannan na ƙarshe ana gwada shi ta hanyar ajiye samfur kwana biyar cikin duhu a ma'aunin zafi 20, sannan a duba iskar da ƙwayoyin halitta suka cinye. Shi ne DBO5 da ake gani a takardun sakamako.

Ga misali na lissafi kawai. A ce ma'aikata sun je wata majema a makon da ya biyo bayan sallar layya, lokacin da fatu suka yi tuli, kowane rami ya cika, ana ta jiƙo da toka da bagaruwa. Suka tarar tana sakin lita 10,000 a rana, wato ganga 50, kuma gwaji ya nuna giram 2 na datti a kowace lita. Kilo 20 ke nan a rana. Idan aka ninka da kwana 365 za a samu kilo 7,300 a shekara. Amma idan a sauran watanni rabin wannan ruwan take saki, kuma kwana 250 take aiki, ainihin adadin bai wuce kusan kilo 2,500 ba. An kusa ninka wa mutum kuɗinsa sau uku, alhali ba wanda ya yi ƙarya, kuma na'ura ba ta yi kuskure ba. Mai majemar ne kaɗai zai iya cewa makon sallah ba shi ne ma'aunin shekara ba, kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi.

Kuskuren na iya faɗawa ta ɗaya gefen ma. Samfurin ruwa ana so a sa shi cikin ƙanƙara a kai shi ɗakin gwaji da wuri. Kwalbar da ta yini a bayan mota cikin zafin Afrilu na Yamai, wanda ke haura 40, ƙwayoyin da ke cikinta sun fara cinye dattin tun a hanya, sakamako sai ya fito ƙasa da gaskiya. Haka ma idan an ɗebi ruwa da hantsin Juma'a da aiki ya tsaya. Shi ya sa masana suka fi yarda da samfurin da aka tara kaɗan-kaɗan cikin awa 24 a kan na ɗiba ɗaya.

Akwai wasu wuraren da ake tuntuɓe. Idan da takardar kuɗin famfo aka yi ƙiyasi, ba duk ruwan da ya shiga wuri ne ke fita ta magudana ba: mai yin ƙanƙara da mai buga bulo ruwansu cikin kayan yake tafiya. Wanda ke ɗiba daga kogi a ƙasan gari ya ɗebo shi ne da dattin wasu, kuma adalci shi ne a cire wannan daga lissafinsa. Inda kuma gidaje da garaji da marina suka haɗu a magudana ɗaya, wurin da aka tsoma kwalba shi ke nuna dattin wa aka auna.

## Abin da sauraro na gaskiya ya ƙunsa

Na farko sanarwa ce tun adadin bai zama na ƙarshe ba, mai ɗauke da lissafin gaba ɗaya: ranar da aka ɗauki samfur, wurin, wanda ya ɗauka, ɗakin gwajin, da farashin da aka yi amfani da shi. Takardar da ta ce "ka biya kaza" kawai ba ta bar wa mutum abin da zai amsa ba. Sai lokaci isasshe na haɗa hujja, da damar neman a sake gwaji. Hanya mai sauƙi ita ce a raba samfur biyu a gaban mai wurin, a liƙe, ya riƙe ɗaya.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Takardun hukuma da Faransanci suke zuwa, alhali yawancin majema da mahauta da marina Hausa ko Zabarmanci suke ji. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki. Mutumin da aka karanta masa lambobi da harshen da ba ya ji, aka ce ya sa hannu, an cika sharaɗin takarda, amma ba a saurare shi ba.

Daga nan sai shawara mai dalili a rubuce, wadda ta nuna an karɓi hujja kaza an ƙi kaza, da abin da ya sa. Wanda zai duba ƙorafi kuma ya zama ba shi ne ya yi lissafin farko ba, balle a inda tsari ya ba ma'aikaci kaso daga abin da aka karɓo.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu ganin ba dole ne a saurari mutum tun farko ba suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa wannan kuɗi ba hukunci ba ne, lissafi ne, kuma kariyar da shari'ar Trompier-Gravier ta kafa ta shafi matakan ladabtarwa ne. Suna cewa ma'aikata da ɗakunan gwaji kaɗan ne, idan sai an zauna da kowa to ba za a karɓi komai ba. Sun kuma lura cewa manyan masu gurɓatawa su ne masu lauyoyi, su za su fi cin moriyar jan lokaci, kogi kuwa ba ya jira. A watannin Mayu da Yuni ruwansa kan ja baya ƙwarai, har a 1985 ya daina gudu a Yamai, kuma a irin wannan lokaci datti kaɗan ɓarna mai yawa yake yi. A ganinsu damar ɗaukaka ƙara daga baya ta wadatar.

Masu sana'a na amsawa cewa "biya tukuna, ka yi ƙorafi daga baya" ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Kuɗin da ya fita daga hannunsa na sayen fatun gobe ne, kuma dawo da kuɗi daga baitulmali ba abu ne na kwana biyu ba. Suna ƙarawa da cewa sunan da aka ba kuɗin bai canza raɗaɗinsa a aljihu ba.

Indiya ta yi wannan muhawara shekaru da dama. Dokarta ta 1977 ta ɗora wa wasu masana'antu da hukumomin gari kuɗi gwargwadon ruwan da suke amfani da shi, da rangwame ga wanda ya kafa na'urar tace ruwan datti. Dokar ta faɗi ƙarara cewa a saurari mutum kafin a ci shi tarar ƙin biya, ta ba da damar ɗaukaka ƙara, amma wajen yanka ainihin kuɗin ta bar wa jami'i ya yi binciken da ya ga ya dace. Kotun ƙolin ƙasar kuwa tun 1967 ta tsaya kan cewa duk matakin hukuma da ke taɓa haƙƙi ko dukiyar mutum sai an ji ta bakinsa, ko da doka ta yi shiru. An soke wannan haraji a 2017 lokacin da ƙasar ta sauya tsarin harajinta.

Idan aka auna hujjojin, bambancin da ya fi ma'ana shi ne daga ina lambar ta fito. Inda hukuma ta ɗauki abin da mai wuri ya bayyana ta ninka da farashin doka, babu buƙatar zama, domin maganarsa aka bi. Inda ta ƙi lambarsa ta sa tata, ko ta yi ƙiyasi, ko ta ƙara tara, sauraro ya wajaba, kuma masu hulɗa da ofishin haraji sun san irin wannan: ana aiko sanarwar gyara, a ba da wa'adin amsa. Wanda ya ƙi bayyana komai ko ya hana a shiga a auna shi ya zubar da wani ɓangare na kariyarsa, ana iya yanka masa kai tsaye. Gaggawa kuma tana halatta a toshe bututun da ke zubar da guba yau a saurari mai shi gobe. Lissafin kuɗin shekara ba gaggawa ba ne. Maganin jan lokaci wa'adi ne gajere wanda ya ɗaure ɓangarorin biyu.

## Waɗanda ba a gayyata zaman ba

Tashoshin tace ruwan sha na Gudel da Yantala suna sama da tsakiyar gari. Masu karɓar abin da Yamai ta zubar suna ƙasa: masu garka a bakin kogi, masunta, manoman shinkafa na Saga, mutanen Kollo da Say. A zaman da ake yi tsakanin jami'i da mai masana'anta ba su da kujera, alhali idan an rage adadi ba bisa ƙa'ida ba su ne ke biyan cikon da lafiyarsu da amfaninsu.

Wannan shi ne haɗarin sauraron da ake yi a ɗaki a rufe, ba rubutu: yana iya komawa ciniki. Ƙa'ida ta 10 ta taron Rio ta ce jama'a na da haƙƙin samun bayani kan muhalli da shiga cikin shawara. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, a hukuncinta na 2001 kan yankin Ogoni na Najeriya, ta fassara sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka ta 1981 da cewa ya haɗa da ba al'ummar da abin ya shafa bayani da damar a ji ta bakinsu. A aikace, abin da wannan ke nufi shi ne a riƙa rubuta duk ragin da aka yi da dalilinsa, a kuma bayyana sakamakon awo yadda ƙungiyar masunta ko ta masu garka za ta iya dubawa ta ce ba haka take gani a ruwa ba. Shirin ƙasa na tafiyar da albarkatun ruwa, PANGIRE, da aka amince da shi a 2017, an gina shi ne kan shigar da masu amfani da ruwa cikin shawara.

## Abin da zai taɓa talaka

Kuɗin da aka ɗora wa mayanka ko majema ba a nan yake tsayawa ba, yana gangarowa cikin farashin nama da takalmi da wankin babur. Idan lissafin daidai ne, wannan shi ne abin da dokar ta nufa. Idan kuskure ne, mai saye ya biya kuɗin dattin da ba a zubar ba.

Ƙananan masu sana'a ne suka fi shiga tsaka mai wuya, saboda ba su da na'urar auna ruwa, ba su ajiye littafi, don haka ƙiyasi ake yi musu. Kuɗin sake gwaji ma na iya fin abin da ake jayayya a kai. Ga irinsu, sauraron da ya fi amfani shi ne wanda ake yi da ƙungiyarsu tun lokacin tsara ma'aunin, a zauna da shugabannin majema da sarkin fawa a daidaita lita nawa fata ɗaya ke ci, watanni nawa ake aiki sosai.

## Idan takarda ta iso

A rubuta ranar da aka karɓe ta, domin daga ranar wa'adi ke fara ƙirguwa. A duba ko sanarwar shiri ce ko umarnin biya, ko kuɗin gurɓatawa ne ko tara, da dokar da aka dogara da ita. A nemi takardar sakamakon gwaji da ta ɗaukar samfur. Amsa ta kasance a rubuce, a kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi gida. Takardun famfo, rasit na fatu ko dabbobi, da littafin kwanakin aiki su ne hujja.

Matakan ƙorafi a tsarinmu suna farawa daga ofishin da ya yanke shawarar, ko shugaban da ke samansa, kafin a je kotu. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Kotun Ƙasa, wato Cour d'État, ita ce ta gaji aikin tsohuwar babbar kotun mulki. Abu biyu ne suka fi kayar da masu ƙorafi. Shigar da ƙara ba ya dakatar da biya da kansa, sai an nemi dakatarwar daban an kuma samu. Sannan zuwa wurin wani sananne a ofis ya ce "bar shi a hannuna, Alhaji" ba ya tsayar da wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika, kotu na iya ƙin karɓar ƙarar ba tare da ta buɗe lissafin ba.